Dakta ya kare kundi, sai kuma me? Matakin da ya ɓace a ɗakunan binciken arewacin Kamaru da Chadi

Shekaru talatin da suka wuce, da wuya ka shiga unguwa a Garwa ko Marwa a nuna maka ɗan unguwar da ke da digirin digirgir a fannin kimiyya. Yau lamarin ya sauya. Jami'ar Ngaundare ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ta Marwa ta zo a 2008, ta Garwa kuma aka kafa ta a 2022. A ƙetaren kogin Logon, Jami'ar Njamena tana nan tun 1971, ga ta Abeshe da ta Mundu da sauransu sun biyo baya. Kowace shekara 'ya'yanmu maza da mata suna tsayawa gaban manyan malamai su kare kundinsu a ilimin sinadarai, ko na halittu, ko lafiyar dabbobi, ko noma. A rangaɗa guɗa, a yi walima, a ɗauki hoto da doguwar riga. Abin murna ne, ya kuma cancanci walimar. Damuwata tana ga washegari, domin shekaru uku ko huɗun da ke biye da wannan rana su ne ke yanke hukuncin ko mutum zai zama mai bincike ko zai zama wanda ya taɓa yin bincike, kuma a wajenmu babu wanda ya ɗauki nauyin waɗannan shekaru.

A ƙasashen da kimiyya ta kafu, wanda ya gama digirin digirgir ba a danƙa masa ɗakin gwaje-gwaje nasa nan take, ba a kuma sake shi haka nan ya kama gabansa. Akwai mataki a tsakani, wanda masu sana'ar ke kira fosdok. Aiki ne na kwantiragi, galibi shekara biyu ko uku, a ɗakin binciken wani babban masani, kuma an fi so ya kasance ba malamin da ya yaye ka ba. Ana biyanka albashi. Ba ka zana jarrabawa, babu kuma takardar shaidar da za a miƙa maka a ƙarshe. Abin da za ka fita da shi shi ne maƙalun da ka wallafa, da dabarun da hannunka ya iya, da mutanen da suka san aikinka, da wata tambaya taka ta kanka wadda za ka shafe shekara goma ko ashirin kana bin sawunta.

Wanda ya tashi a kasuwa zai gane wannan da sauƙi. Yaron kanti yana iya sanin farashin kowane kaya, ya san abokan ciniki, ya iya lissafi. Duk da haka ubangida mai hankali ba ya sallamarsa da jari sai ya fara aika shi sari shi kaɗai, da kuɗin kanti, ya je Duwala ko Kano ya zaɓo kaya da idonsa, ya yi ciniki da bakinsa, in ya yi kuskure ya dawo a gyara masa tun asarar ba ta hallaka shi ba. Ɗalibin digirin digirgir malaminsa ne ya zaɓa masa tambaya, ya nemo kuɗi, ya san wanda za a roƙa in na'ura ta lalace. A matakin fosdok ne mutum ke koyon rubuta takardar neman tallafi, da tsara kasafin kuɗin aiki, da neman izinin kwamitin ɗa'a kafin ya taɓa jinin mutum ko na dabba, da ba masu tace maƙala amsa ba tare da fushi ko rusunawa ba, da lura da ɗalibai ƙanana. Mafi wuya duka, a nan yake koyon gane ranar da ya kamata ya haƙura da gwajin da ya ƙi ci, bayan ya zuba masa wata shida.

Bari in nuna irin aikin da nake nufi, domin mutane da yawa suna zaton mai bincike zaune yake gaban kwamfuta. Ɗauki tambaya mai sauƙi: shin maganin da ke jikin gidan sauron da ake rabawa har yanzu yana kashe sauron yankinmu? Masu bincike sun daɗe suna alaƙanta taurin kan sauron arewacin Kamaru da magungunan feshin gonakin auduga, don haka amsar ta shafi kowace uwa mai goyo daga Pitowa zuwa Yagwa. Mai wannan aiki zai fita da sassafe da ludayi da bokiti, ya bi gefen fadamun shinkafa da kududdufai yana ɗebo tsutsar sauro. Ya kawo su ɗaki, ya zuba a faranti, ya ciyar da su har su ƙyanƙyashe. Ya ware mata zalla, 'yan kwana 3 zuwa 5, waɗanda ba su taɓa shan jini ba, yana ba su ruwan sukari a auduga. Sannan ya zuƙe su da bututu, kusan 25 a kowane gwangwani, ya sa su cikin wanda aka liƙa wa takarda mai magani na tsawon awa 1, ya mai da su gwangwani mai tsabta, ya jira awa 24 ya ƙirga matattu. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, in waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin 100 ba, sauron ya daina jin maganin. Amma akwai sharaɗi: zafin ɗakin ya tsaya kusan digiri 27, kuma in sauron da ba a sa wa magani ba ya mutu fiye da kashi 20 cikin 100, gwajin ya rushe gaba ɗaya. A Garwa, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ɗauke wuta na yini guda ya isa ya shafe aikin mako biyu. Kuma wannan tushe ne kawai. Sai an tafi ga ƙwayoyin halittar sauron kafin a san dalilin taurin kansa, sai an maimaita a garuruwa da dama, damina da rani, kafin a iya gaya wa ma'aikatar lafiya ta sauya irin gidan sauron da take saye.

Wannan aiki ba na mai zuwa ɗakin gwaji ranar Asabar ba ne. Yana son mutumin da ya riga ya ƙware, wanda kuma ba shi da wani aiki sai shi. Tambayoyin yankinmu ma kusan duk haka suke, suna tafiya da agogon shekara. Masakwa, wato dawar rani, ana dasa ta a ƙasar laka bayan ɗaukewar ruwa, a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu. Mai son gwada wane iri ne ya fi jure ƙarancin damshi gwaji ɗaya yake samu a shekara, kuma ba mai yarda da sakamakon shekara guda. Kurkunu ya fi haka. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da shi a duniya. A 2023 mutum 14 kacal aka samu, amma 9 daga ciki a Chadi suke, 1 a Kamaru. Abin da ya riƙe cutar a gaɓar kogin Shari shi ne ta shiga karnuka, abin da aka fara lura da shi a 2012, kuma ana kyautata zaton ta hanyar kayan cikin kifi da ake zubarwa ne. Tsutsar tana ɗaukar wajen shekara guda a jiki kafin ta fito. Ke nan in ka gwada wata dabara bana, ɗaure karnuka ne ko binne kayan cikin kifi, sai baɗi za ka fara ganin ko ta yi aiki. Wanda aka ba kwantiragin wata goma sha biyu zai tattara kayansa tun tsutsa ta farko ba ta leƙo ba.

To, mene ne ke jiran sabon dakta a wajenmu? Mafi girman buri shi ne a ɗauke shi koyarwa a jami'a. A Nuwamban 2018 shugaban Kamaru ya ba da umarnin ɗaukar masu digirin digirgir 2,000 aikin koyarwa: 1,000 a 2019, 500 a 2020, 500 a 2021, da iyakar shekarun haihuwa 45. Ya rage raɗaɗi ƙwarai, ba na musun haka. Amma da jerin farko ya fito, waɗanda ba su ga sunansu ba sun yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde, abin da ya nuna yawan daktocin da ke zaune ba aiki. Su kuma waɗanda aka ɗauka, sun tsallake matakin da nake magana a kai suka faɗa zauren lacca kai tsaye. Sabon malami shi ake jibga wa ajin shekarar farko mai ɗaruruwan ɗalibai, shi ne mai gadin jarrabawa, shi ne mai duba takardu har tsakar dare, shi ake aika wa duk wani aikin ofis da manya suka gaji da shi. Kuɗin bincike kuwa ɗan alawus ne da ba zai sayi kwalin sinadari guda na kirki ba.

Sai kuma a zo maganar ƙarin girma. A Kamaru kwamitin ƙasa ne ke duba takardun malaman jami'a, a Chadi kuma ana bi ta CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a 1968 take da mazauni a Wagadugu. Dukansu maƙalu suke nema, kuma daidai ne su nema. Matsalar ita ce an nemi maƙala daga wanda ba a ba shi lokaci ko kayan aiki ba. Sai ya koma ga tsohon kundinsa ya yanyanka shi gida uku ko huɗu, ko ya faɗa hannun mujallun bogi na intanet da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. Ba na zargin waɗannan matasa. Na san da yawansu sun fi abin da suke bugawa nesa ba kusa ba, kuma su ma sun sani, shi ya sa abin ke ci musu rai.

Wanda bai samu gurbi ba yakan zama malamin da ake biya da awa, yana yawo tsakanin jami'a da makarantu masu zaman kansu, kuɗin ma sai ya yi watanni bai fito ba. A gida kuma ga tambaya. Kawu zai kira shi gefe bayan sallar Isha ya ce, "Ɗana, yanzu dai karatu ya ƙare ko? To yaushe za a fara aiki? Ƙannenka sun zuba ido, mahaifiyarka kuma ta yi haƙuri." In ya amsa da cewa, "Kawu, akwai wani aikin bincike na shekara biyu da nake nema," sai kawu ya yi shiru, can ya ce, "Na gwamnati ne? Akwai fansho?" Kawu bai yi laifi ba. Iyali sun sayar da shanu, sun yi shekaru suna aika kuɗin haya, suna da haƙƙin tambaya. Duk tsarin fosdok da za a yi a nan wanda bai iya ba kawu amsa mai gamsarwa ba, 'ya'yan masu hali kaɗai za su iya shigarsa.

Saura hanyar waje, wadda ita ce mafarkin mafi yawa. Gaskiya ne can akwai kayan aiki da manyan malamai, kuma ina ba duk wanda ya samu dama shawarar ya je. Amma ya je da idonsa buɗe, domin su kansu masu tsarin suna kuka da shi. Lissafin a fili yake: a ce farfesa ɗaya ya yaye daktoci goma ko ashirin a rayuwar aikinsa, ranar da zai yi ritaya kujera ɗaya zai bari. Sauran sai su yi ta sabunta kwantiragi, daga wannan gari zuwa wancan, wasu har furfura ta fito ba su san inda za su kasance baɗi ba. A Amurka, hukumar binciken lafiya ta NIH ta sa mafi ƙarancin albashin sabon fosdok a kan dala 61,008 a shekara a 2024, bayan wani kwamitinta ya ba da shawarar a kai shi 70,000 kuma kada mutum ya wuce shekara 5 a wannan matsayi. In ka juya shi zuwa sefa sai ka ga kamar dukiya ce, amma a biranen da manyan ɗakunan bincike suke, haya da kuɗin renon yara ne ke lashe shi. A ƙarshen 2022 ma'aikatan bincike da koyarwa kusan 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, har da masu fosdok, suka shiga yajin aiki na makonni a kan albashi. A Jamus dokar 2007 ta ƙayyade shekara 6 bayan digirin digirgir a kan kwantiragin wucin gadi na jami'a, daga nan ko ka samu kujerar dindindin ko ka dogara da tallafin waje ko ka bar fagen. Matasan masana sun yi mata bore a intanet a 2021. Faransa, inda yawancin 'ya'yanmu ke dosa saboda harshe, sai a dokar Disambar 2020 ta ba kwantiragin fosdok suna da ƙa'ida: a ma'aikatun gwamnati a ƙulla shi cikin shekara 3 da samun digiri, kuma kada jimillarsa ta wuce shekara 4. Wannan sharaɗi na farko ya kamata kowane sabon dakta a Marwa ya san shi, don wanda ya zauna shekara huɗu yana jiran a ɗauke shi aikin gwamnati, wannan ƙofa ta riga ta rufe masa.

Ga baƙo kuma akwai ƙari: takardar zamansa tana ɗaure da kwantiragin. In shi da shugaban ɗakin suka saɓa, ba aiki kaɗai zai rasa ba, har izinin zama. Shi ya sa za ka ga mutum ya haɗiye abin da bai kamata ya haɗiye ba.

'Yan'uwanmu mata nauyinsu ya ninka. Shekarun fosdok su ne shekarun aure da haihuwa, kuma a al'adarmu ba ƙaramin abu ba ne matar aure ta tafi wata ƙasa shekara biyu, ko budurwa ta ce a jira ta. Wasu masu tallafi suna tsawaita wa'adin cancanta ga wadda ta haihu, wasu suna ba da kuɗin iyali, kuma ya kamata a tambaya tun kafin a cika takarda. Amma maganar gaskiya ita ce, muddin sai an ƙetare teku kafin a samu wannan horo, mafi yawan matanmu masu digirin digirgir ba za su same shi ba. Wannan kaɗai ya isa hujjar a samar da shi a Garwa da Njamena.

Wuraren da za a yi shi kuwa akwai su. LANAVET, ɗakin gwaje-gwajen dabbobi na ƙasa da ke Bokle kusa da Garwa, an kafa shi a 1983, yana sarrafa allurar rigakafin dabbobi da ake kaiwa har ƙasashe maƙwabta. Cibiyar Pasteur ta Kamaru tana da reshe a Garwa tun 1985. Hukumar binciken noma ta IRAD tana da cibiyoyi a Marwa da Wakwa kusa da Ngaundare. A Njamena akwai ɗakin binciken dabbobi na Farsha, wanda ke aiki tun farkon shekarun 1950, yanzu yana ƙarƙashin sunan IRED, cibiyar binciken kiwo ta Chadi. Kuma an taɓa nuna abin da yankin nan zai iya. A Disambar 2011 aka yi wa mutum kusan miliyan 1.8, 'yan shekara 1 zuwa 29, sabuwar allurar sanƙarau ta MenAfriVac a Njamena da kewaye. Masu bincike suka bi diddigi a kakar cutar ta 2012, suka tarar yawan masu sanƙarau a inda aka yi allurar ya gaza na sauran wurare da kashi 94 cikin 100. Mujallar Lancet ta buga sakamakon, kuma sunan farko a kan maƙalar na ɗan Chadi ne, Doumagoum Moto Daugla. Duniya ta dogara da wannan aiki wajen tabbatar da ƙarfin allurar.

Sai dai ba kullum ake tafiya haka ba. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne a zo da aiki daga waje an riga an tsara shi, tambaya da hanya da kasafi duk an gama. Ɗan gida mai digirin digirgir a ɗauke shi mai kula da aikin fili: shi zai nemi izinin lamiɗo da na hakimi, shi zai yi wa mutane bayani da Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa, shi zai ɗebi jini ya jera kwalabe a akwatin ƙanƙara. Daga nan samfur ya hau jirgi. A can a yi nazarin ƙwayoyin halitta, a can a rubuta, sunansa ya fito a tsakiyar jerin mutum goma sha, inda ba mai dubawa. A harkar kimiyya, sunan farko na wanda ya yi aikin ne, na ƙarshe na shugaban ɗaki, kuma su ake dubawa ranar raba tallafi. Albashin irin wannan aiki yakan yi kyau, shi ya sa yake da haɗari: mutum zai yi shekara takwas cikin rufin asiri, ya farka ya tarar ba shi da tambaya tasa ko maƙala tasa. An fara gyara, da sauƙi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ba ƙasashe iko a kan albarkatun halittunsu, kuma a 2022 mujallar Nature ta fitar da ƙa'idar da ke neman marubuta su bayyana yadda suka tafi da masanan ƙasar da aka yi aikin. Amma ƙa'ida ba ta amfanar wanda bai san da ita ba, ko wanda ke tsoron buɗe baki.

Wanda ya je waje ya ƙware ya dawo kuma, bango na farko da zai ci karo da shi wutar lantarki ce. Arewacin Kamaru ya dogara da madatsar Lagdo mai megawat 72 tun farkon shekarun 1980, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya kowa ya san abin da ke biyowa; tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun taimaka, ba su kashe matsalar ba. Firizar da ke ajiye samfur a digiri 80 ƙasa da sifili ba ta san uzuri ba. Ga sinadarai: abin da abokin aikinsa a Turai zai yi oda yau ya karɓa jibi, shi sai ya jira makonni ko watanni, kaya su sauka Duwala, su kwana hannun jami'an duwan, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, su bi mota cikin rana, wani lokaci su iso ƙanƙarar ta narke. In na'ura ta tsaya, mai gyaranta yana wata ƙasa. Irin wannan ne ke sa wanda ya dawo da niyya mai kyau ya sake neman biza bayan shekara biyu, mu kuma mu ce ba shi da kishin ƙasa.

Wasu masu tallafi sun gane haka. Shirin APTI, na haɗin gwiwar Cibiyar Kimiyya ta Afirka da NIH da Gidauniyar Gates, an tsara shi ne mutum ya yi shekara 2 a Amurka sannan a tallafa masa wasu 2 a cibiyarsa ta gida. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster na har wata 24, da ƙarin tallafin komawa gida. Shirin ARISE na Tarayyar Turai da Tarayyar Afirka ya ba matasan masana har yuro 500,000 na shekara 5 su kafa ƙungiyar bincike a nahiyar. TWAS, cibiyar kimiyya ta ƙasashe masu tasowa wadda masanin kimiyya Abdus Salam ya kafa a Italiya a 1983, tana tura mutane ƙasashe irin su Indiya da Birazil. Duk mai digirin digirgir ya kamata ya san waɗannan, ya kuma gyara Ingilishinsa, domin mafi yawan takardun da shi ake cika su. Amma dukkansu kuɗin wasu ne, kuma mai kuɗi yana iya janye hannunsa ranar da ya ga dama. Shirin FLAIR na Birtaniya yana ba matashin masani ɗan Afirka har fam 300,000 na shekara 2 ya yi aiki a gida; da Birtaniya ta rage kuɗin agajinta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 a 2021, shirin ya tsaya, mutane na tsakiyar aiki. A 2025 Amurka ta rufe hukumar agajinta ta USAID, a watan Yunin shekarar kuma ta sa Chadi cikin ƙasashe 12 da ta hana 'yan ƙasarsu shiga. Ɗan Njamena da ya shekara yana shirya takardun zuwa wani ɗakin bincike a can, sa hannu ɗaya ya rushe masa shiri.

Ƙasashen Afirka sun daɗe da yi wa kansu alƙawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arziƙinsu a kan bincike, amma yankin kudu da Sahara bai kai ko rabin haka ba. Alƙaluman UNESCO na 2018 sun nuna masu bincike a yankin ba su kai 150 cikin mutum miliyan ɗaya ba, alhali matsakaicin duniya ya haura 1,300.

Ga ƙanena ko ƙanwata da aka miƙa wa irin wannan kwantiragi, a gida ne ko a waje, kada kunya ta hana ku tambaya kafin ku sa hannu. Kuɗin aikin ya riga ya shigo, ko ana sa rai ne? Na shekara nawa ne? Wa zai zama sunan farko a maƙalar da za ta fito daga aikina? Akwai wani ɓangare da zan iya ɗauka in tafi da shi in na kafa nawa? Samfur da bayanan da na tara, zan ci gaba da samun damar amfani da su? Sannan ku nemi waɗanda suka bar ɗakin kafin ku, ku ji daga bakinsu inda suke yanzu da yadda aka rabu. Shugaban ɗaki nagari ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In kuwa bayan shekara uku ko huɗu kuka ga hanyar jami'a ba ta ɓulle ba, kamfanin magani, da ma'aikatar lafiya, da hukumar duba ingancin abinci, da kamfanin iri duk suna buƙatar mai irin horonku, kuma shiga can ba faɗuwa ba ce.

Abin da nake so in gani a nan ba ya buƙatar sabon gini. Guraben fosdok ne 'yan kaɗan, a ɗakunan da muke da su, na shekara 3 cur, a ba da su ta gasa a fili, alƙalai su haɗa da masana daga wajen cibiyar. Kowane gurbi ya zo da albashin da zai riƙe iyali, da kuɗin kayan aiki a asusun da mai binciken ke da hannu a kai, da rubutaccen sharaɗin cewa koyarwarsa ba za ta wuce kwas ɗaya a shekara ba. A kuma lissafa masa waɗannan shekaru in ya shiga aikin jami'a ko na hukumar bincike, don ya samu abin gaya wa kawu. Masu biya suna nan kusa. SODECOTON, kamfanin audugar Kamaru da hedikwatarsa ke Garwa tun 1974, shi ya fi kowa buƙatar sanin yadda ƙwarin auduga ke bijire wa magani. Majalisun yankunan Kamaru da aka fara zaɓa a Disambar 2020 suna da hurumin raya yankunansu. Ƙungiyoyin makiyaya da dillalan shanu su ne ke asara in ciwon huhu ko sammore ya shiga garke. Attajiranmu kuma, da suka saba gina masallatai da haƙa rijiyoyin burtsatse, sun san hukuncin waƙafi fiye da ni: gida ɗaya ko jerin shaguna a kasuwar Garwa ko Marwa, a tsayar da hayarsu a kan wannan, zai iya riƙe mai bincike ɗaya shekara bayan shekara, a ɗora masa tambayar da mai waƙafin ya zaɓa, ta masakwa ce ko ta sauro ko ta ruwan sha, kuma ya riƙa zuwa gaban jama'a duk ƙarshen shekara ya faɗi abin da ya gano da harshen da suke ji.